Gudun zahin Sakkwato: shirinmu na zuwa Mambila da kuɗɗin adashe

Duk wanda bai taɓa yin bazara a Sakkwato ba, ba zai gane abin da zai sa ƙarti huɗu masu hankalinsu su yi wata biyar suna zubin adashe don kawai su tai wani wuri su ji sanyi ba. Maganar ta samo asali ne bara war haka, muna zaune ƙofar shagon ɗan kawuna nan Mabera, an ɗauke wuta tun la'asar, iskar da ke busowa kamar daga bakin tanda take hitowa, waya tana nuna 43, ruwan randa ma ya koma kamar na wankan jego, kowa ya yi shiru sai fifita da kwali, sai Ticha (malamin sakandare ne, labarin ƙasa yake koyarwa, mun ma manta rabon da mu kira shi da sunanshi) yac ce wai kun san yanzu haka akwai garin da mutane ke lulluɓe da bargo cikin Najeriyar nan? Munka yi mai dariya, ni har nic ce sai dai in cikin firij garin yake. Ya ciro waya ya nuna muna hotunan Mambila, tuddai kore shar, shanu sun bazu, hazo ya sauko har ƙasa, wallahi tun daga ranar abin ya shiga raina bai hita ba.

Ga wanda bai sani ba, Mambila tana jihar Taraba ne can kan iyaka da Kamaru, tudu ne shimfiɗaɗɗe mai tsayin wajen mita 1,600 daga saman teku, babban garin shi ne Gembu, akwai su Nguroje da Maisamari da Kakara inda gonar ganyen shayi take. Mu nan Sakkwato wajen mita 300 kacal muke, kuma Ticha ya ce duk hawan mita 1,000 da mutum zai yi zahi na raguwa da kusan maki 6, ka haɗa da gajimare da ciyawa da ruwan sama da suke samu, shi ya sa can da wuya rana ta wuce maki 25. A gindin tudun kuma ga gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun gwamnatin tarayya girma a ƙasar nan, a 1991 anka kafa shi, faɗinshi ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ci Taraba ya shiga Adamawa, ofishinsu na Serti. Akwai dorina da ɓauna da birai iri-iri har da cimfanzi, sannan cikinshi ne dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya yake, Chappal Waddi, wasu su ce Gangirwal, mita 2,419. Wani abin da ya ƙara ja na shi ne sunan ƙaramar hukumar da Gembu take, Sardauna sunanta, kuma Sardaunanmu na Sakkwato ake nuhi, Sir Ahmadu Bello. Yankin da can hannun Jamus yake, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a 1961 anka yi ƙuri'ar raba gardama mutanen wurin sunka zaɓi Najeriya, kuma Gamji ya taka rawa ƙwarai wajen jawo su. Don haka nic ce ma su Ticha ai ba baƙunta za mu ba, ziyarar zumunta ce.

Rigimar farko lokaci ne. Ticha ya so a bari sai dogon hutu na watan Agusta saboda shi ne yake da sarari, amma da munka bincika sai munka ga ai wannan shi ne lokacin da bai kamata ba sam. Damunarsu ba irin tamu ba ce ta wata uku zuwa huɗu, can ruwa yakan fara tun wajen Afrilu ya kai har Oktoba ko ma ya gota, koguna su cika, hanyoyin cikin gandun su zama taɓo, ga santsi kan dutse. Sannan ma mi za mu gudu a Agusta? Lokacin Sakkwato ta yi ni'ima, gero ya yi kai, kowa na barcinshi lahiya. Lokacin da masu zuwa suka fi so daga Disamba ne zuwa Maris, to mu kuma zahi muke gudu ba hunturu ba, shi ya sa munka tsayar da ƙarshen Maris, nan zahi ya fara cizo can kuma ruwa bai kankama ba. Ƙofa ce ƙarama, in munka yi sakaci da sati biyu ta rufe.

Mu huɗu ne, ni da Ticha da ɗan kawun nan nawa mai gyaran waya da muke ce ma Injiniya, shi ke da motar, sai Auta ƙanena mai harkar albasa. Ni anka ba ajiya, ba don na fi kowa amana ba, don na fi kowa maƙo ne in ji su. Kowa dubu 50 duk wata har wata biyar, ya kama dubu 250 kan kowa, miliyan ɗaya cif. Da farko da na ga kuɗɗin cikin asusu sai na ji kamar mu ne Ɗangote, da na zauna da biro da takarda kuma sai jikina ya yi sanyi, don mai kaɗai ya kusa cinye rabi. Daga nan zuwa Gembu ya haura kilomita 1,500, zuwa da dawowa da ɗan yawon da za a yi can na ƙiyasta ba za mu gaza 3,500 ba, Corollar Injiniya kuma in an loda ta da mutum huɗu da kaya ga hawa, na sa mata lita ɗaya duk kilomita 10, na ƙara ɗan rara ya zama lita 400. Tun da anka cire tallahin mai a Mayun 2023 ba wanda ke iya rantsuwa kan farashin gobe, sai na sa lita kan naira 1,000 don lissahi ya zo da sauƙi, in ya sauka riba, in ya hau mu taɓa na ko-ta-kwana. Dubu 400 ke nan ta tashi tun ba mu ci ko ƙosai ba. Gyaran mota na ware dubu 100, abinci 80, masauki a hanya 70, kuɗɗin shiga gandu da na jagora da na kabu-kabu 200, sauran 150 na ɗaure su tam, ba mai taɓa su sai in mota ta lalace ko wani ya kwanta ciwo, Allah ya kiyaye. Auta ya kawo shawarar a bar motar a bi ta haya zai fi arha, munka auna munka ga ko da kuɗɗin sun ɗan ragu, to ga tanti ga buhun abinci ga tukunyar gas ana ta sauke-sauke tasha bayan tasha, kuma babban abin shi ne a motar haya ba kai ke da ikon cewa a tsaya dare ya yi ba.

Inda na ƙi yarda a matse ko kwabo shi ne motar. Injiniya cewa yake ai lahiyarta lau, kullum da ita yake zuwa Illela ya dawo, nic ce mai hanyar Illela shimfiɗe take kamar faifai, mu dutse za mu. Munka kai ta gareji can Sahara wajen wani dattijon bakanike da ya taɓa yin yaran mota a hanyar Taraba yana saurayi, da ya ji inda za mu sai ya aje sifanar hannunshi ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, yac ce Alhaji wa zai tuƙa cikinku? Injiniya ya ɗaga hannu. Yac ce to zo nan ɗana, ya zaunar da shi kan benci ya yi mai karatu, wai daga Mayo Selbe hanya ke fara nannaɗe dutse kamar rawani har a kai Maisamari, akwai inda ake ce ma Hawan Biyu da Sisi, amma shi hawan bai dame shi ba, in mota ta yi zahi ka tsaya ta huce, gangarar dawowa ita ce abin tsoro. In ka ɗora ƙafa kan birki ka bar ta, birkin ya yi zahi, man birkin ya tafasa, sai ka taka ka ji ya tai ƙasa lakwas ba kamu. Sa mata giya ta biyu ka bar injin ya riƙe ta, birki kuma taɓa ka saki, taɓa ka saki. Daga nan ya duƙa ya shafa gefen taya da babban yatsa ya nuna muna wasu lambobi huɗu da ni tun da nake ban taɓa lura da su ba, biyun farko satin da anka yi tayar, biyun ƙarshe shekara, biyu daga cikin tayoyinmu ashe sun haura shekara bakwai duk da zanensu bai gama cinyewa ba. Aka canza su, aka canza birki gaba da baya da man birkin, aka wanke lagireto, aka juye baƙin mai, ya ce mu riƙe fambel ɗaya da fulogi a but. Dubu 100 ɗin nan dai ba ta isa ba, sai da na yanko 30 daga na masauki, raina yana ƙuna amma na yanka.

Hanyar kuwa kwana huɗu munka raba ta. Rana ta farko Sakkwato zuwa Kano ta Talatar Mafara da Gusau da Funtuwa, mu kwan gidan Goggo. Ta biyu Kano zuwa Gombe ta Birnin Kudu da Ningi da Bauchi, can akwai abokin karatun Ticha da ya ce ɗakin baƙinshi namu ne. Ta uku Gombe zuwa Jalingo ta Kaltungo da Numan, nan ne kaɗai za mu biya kuɗɗin ɗaki, ɗaki ɗaya mu huɗu, biyu gado biyu ƙasa. Ta huɗu Jalingo zuwa Serti ta Garba Chede da Bali. Na san wani zai ce ai direban kirki kwana biyu zai yi, eh zai yi, in ya haɗa da dare. Mu dokar da munka kafa ba tuƙin dare ko na minti goma, ƙarfe biyar na yamma ta same mu cikin gari, kuma ranar farko ma ba za mu yi sammakon asuba ba, sai wajen bakwai in motoci sun fara bin hanya, don yankin Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa ba sai na yi ma ɗan Sakkwato bayani ba, kowa ya san halin da ake ciki, so muke mu ratsa shi rana tsaka cikin ayarin motoci, kuma kafin mu tashi sai mun tambayi direbobin tasha yadda hanya ta kwana, don su ke da labarin da ba ya zuwa rediyo. In sun ce a dakata, za mu dakata ko da shirin duka zai rushe. Ya kama kwana takwas cikin mota, biyar kacal a can, Auta yana ta mita wai wannan ai ziyarar kwalta ce, gaskiyarshi, amma ba ni da wata dabara. Ticha shi ko murna yake, wai duk inda za mu bi ƙasar masu tuta ce, Bauchi ta Malam Yakubu, Gombe ta Buba Yero, ga Adamawar Modibbo Adama, duk daga hannun Shehu tutar ta hito, ya ce mutanen da sunka yi wagga tahiya bisa dawaki ba su yi ƙorahin kwana huɗu ba. Mun riga mun gaya mai in ya fara lacca a mota bayan azahar za mu sauke shi.

Sai maganar sanyi, wadda ita ce na fi tsoro don na taɓa ɗanɗanawa. Wata shekara na je Jos cikin Disamba ɗaurin aure, daga ni sai shadda da silifas, da asuba na zuba ruwan buta a hannu na ji kamar an sare min yatsu, haƙora suna ta kaɗawa har liman ya sallame. Mu Sakkwatawa duk dabararmu ta zahi ce, mun san rawani mun san inuwa mun san ruwan randa, amma sanyin dutse mai haɗe da laima ba mu san shi ba, hunturunmu busasshe ne. Don haka satin da ya wuce na shiga babbar kasuwa layin 'yan gwanjo da rana tsaka, zufa har cikin ido, nic ce ma yaron shagon rigunan sanyi nike so masu kauri guda huɗu. Ya dube ni sama da ƙasa yac ce Malam lahiya, masassara ce? Nic ce a'a tahiya za mu. Yac ce Turai? Nic ce Taraba. Bai ƙara magana ba ya shiga can ƙurya ya jawo wata dila da sunka ɗaure tun ƙarshen hunturu, ƙura ta tashi, maƙwabtanshi sunka taru suna kallon mahaukacin da ke gwada jaket cikin zahin Maris, ni ko ko a jikina, don nan na gane ashe arhar kayan sanyi sai bazara, kusan rabin kuɗɗin da ake sayar da su a Disamba na biya, shi murna yake ya rabu da kaya ni murna nike na yi tsintuwa. Na haɗa da hulunan sanyi da safa mai kauri bibbiyu da rigar ruwa ta leda. Wandon jins Ticha ya ce a bar shi gida, in ya jiƙe kwana yake bai bushe ba kuma ya riƙa zuƙe ɗumin jiki. Takalma kuma kambas na gwanjo, kowa ya fara sa nashi tun yanzu yana yawo da shi, kar sai an kai tsakiyar dutse ya fara cin mutum a diddige.

Tanti ba mu saya ba, aro munka yi guda biyu wajen wani ɗan'uwa ɗan agaji da suke zuwa da su sansani. Allah ya sa nic ce a gwada kafin a tai. Shekaranjiya da dare munka baje su tsakar gidanmu, awa ɗaya da rabi muna fama da sanduna, wannan ya ce nan za a zura wancan ya ce a'a juye shi anka yi, yara sun zagaye mu suna dariya, ga turaku sun ƙi shiga daɓen siminti sai da munka danne igiyoyin da bulo. Da ya tsaya sai na sa Auta ya shige ciki ya ja zip, na ɗebo ruwa bokiti guda na sheƙa bisa, ihun da ya yi har maƙwabta sun ji, ashe ɗinkin saman duk ya saki. Da can bisa dutse ruwan dare ya fara gwada muna shi fa? Yanzu mun sayi tamfol biyu, ɗaya a ɗaura sama ɗaya a shimfiɗa ƙasa, don sanyin ƙasa ya fi na iska shiga ƙashi, tabarma kaɗai ba ta tare shi sai an ɗora katifar soso ko 'yar siririya ce. Duk abin nan Inna tana zaune bakin ɗakinta bisa kujera 'yar tsugunne tana kallonmu ba ta ce uffan ba, sai da munka gama tac ce, kai da kullum tsakar gida kaka kwana bisa tabarma tun da zahi ya shigo, shi na za ka tara kuɗɗi ka tai ƙarshen duniya don ka kwan waje? Nic ce Inna can sanyi a akwai. Tac ce Hulani ma da ka kwana daji shanu sunka kai su, ku mi ak kai ku? Ba wanda ya iya ba ta amsa, Injiniya sai sosa ƙeya yake. Amma dai ta yarda, da sharaɗin duk garin da munka sauka in kira ta kafin magariba, kuma in riƙe mata Auta.

Abinci shi ne inda munka matse iya matsewa, kuma ba na jin za mu wahala. Ba cin abincin tasha sai dole, garin kwaki da ƙuli da suga na hanya, kilishi da dabino, shinkafa kwano biyu, taliya, man gyaɗa, yaji, daddawa, busasshen tumatir, albasa kuwa Auta ya ce in munka saya ya yi hushi. Inna ta sa an daka muna garin fura busasshe, can sai mu nemi nono wajen Fulani mu dama, don Mambila ƙasar shanu ce. Dankalin Turawa da ayaba da fiya ba za mu ɗauka ba, can ake noma su, ɗaukar su daga nan kai kara Gobir ne kawai a banza. Wake na so a sa, Ticha ya hana, wai can sama iska ba ta da nauyi, ruwa yakan tafasa tun bai kai zahin da yake kaiwa nan ba, kusa da ƙololuwar dutsen wajen maki 92 maimakon 100, sai ka ga tukunya tana ta ɓararraka wake yana nan tsatstsaye gas yana ƙarewa. 'Yar ƙaramar tukunyar gas za mu riƙe mai kilo uku, ba sare itace cikin gandu, kuma ƙarshen rani ne ciyawa ta bushe, ɗan garwashi ɗaya ya isa ya jawo abin da ba za mu iya biya ba. Ruwan rafi komai kyawunshi sai an tafasa. Kayan shayi kuwa ba a ma tattauna ba, buta da ƙananan kofuna da na'ana'a, Injiniya ya ce in babu su shi da motarshi ba inda za su.

Shiga gandun ba a yin shi da ka. Sai mun je ofishinsu a Serti mun rubuta suna mun biya, su haɗa mu da ma'aikacin gandu da zai riƙa yi muna jagora, kuma su ne za su ce ga inda za a kafa tanti ga inda ba a zuwa. Auta da farko ya ce ai kuɗɗin jagora asara ce tunda akwai taswira a waya, nic ce mai taswirar ta san inda dorina ke hitowa kiwo da dare? Ta san rafin da ake ƙetarewa da wanda ba a ƙetarewa? Ga shi bakin iyaka ne, kana iya taka ƙasar Kamaru ba ka sani ba. Shirinmu kwana biyu a ɓangaren Gashaka kusa da kogi, can ƙasa-ƙasa ne akwai ɗumi da sauro da ƙudan tsando, don haka gidan sauro da riga mai dogon hannu dole ne, sannan mu hau tudu mu yada zango wajen Nguroje. Rigimar da har yau ba ta mutu ba ita ce ta hawa Chappal Waddi. Masu zuwa ta wannan ɓangaren sukan ɗauki kabu-kabu daga Nguroje zuwa Njawai, daga nan sai ƙafa, kuma ba aikin yini ɗaya ba ne sai an kwana a hanya. Auta da Injiniya sun rantse sai sun taka ƙololuwa sun ɗauki hoto sun sa a Facebook, ni da Ticha muna ganin mutanen da tudun da sunka fi sani shi ne hawan gada bai kamata su cika baki ba. Mun dai fara atisaye, bayan sallar asuba mu yi tahiyar awa ɗaya da jakar goyo cike da littattafan Ticha, ranar Asabar kuma mu je filin wasa na Giginya mu yi ta hawa da sauka kan matakala, ranar farko sau shida na yi na zauna ina ganin taurari. Matsayar dai ita ce in mun isa mu ji ta bakin ma'aikatan, in sun ce sama ta yi kyau kuma kuɗɗin sun kai, bismilla, in sun ce a'a ba musu.

Sauran ƙananan abubuwa na rubuta su bayan kwalin magani na liƙa a ƙofar ɗaki. Tsabar kuɗɗi a hannu a raba su aljihu huɗu, don in an wuce Jalingo ba a dogara da tiransifa ko mai POS, sabis yana iya ɗaukewa yini guda. A sauke taswirar yankin a Google Maps tun muna gida. Fawabank biyu da 'yar sola da tocila ta goshi. Takardun mota cikakku da lasisi da abin kashe gobara, kowa da katin ɗan ƙasa a jikinshi saboda shingaye. A cika tanki duk babban garin da anka samu mai ko da bai yi rabi ba. Maganin zazzaɓin sauro da na gudawa da gishirin nan na haɗin ruwa da bandeji. A kakkaɓe takalmi kafin a sa da safe, kuma ba shiga ciyawa da silifas don kama ruwa, musamman wajen Kaltungo da ta yi suna da kububuwa har asibitin saran maciji gare su. Na tambayi malaminmu na zaure maganar salla, ya ce ƙasaru za mu yi ta yi tunda ba inda za mu yi niyyar zaman kwana huɗu.

Jiya da dare ina cikin ƙirga sauran kuɗɗin sai ga Inna ta shigo da wani tsohon bargo mai ratsin ja da na san shi tun ina yaro cikin adakarta, ta jefa min bisa gado tac ce wanga na Auta na, kai ka ji da jaket ɗinka ta gwanjo, ta juya ta hita. Lahadi in Allah ya kai mu za mu ɗaga. Abin da ya rage yanzu safaya ce, bakaniken ya ce tana sace iska a kai ta wajen mai faci gobe, sai kuma murfin butar shayi da anka nema anka rasa, Auta ya ce yana shagon Injiniya, Injiniya ya ce tun ranar gwajin tanti yaran gidanmu ya gani suna buga ƙwallo da shi.